Ƙarar da Gwamma Ta Kai Garken Hadari

A wani zamani da ya wuce tun kafin a haifi kakannin masu ba da labarinsa, an yi wani gari a bakin daji ana ce da shi Tudun Ƙirya. Mutanen garin manoman gero ne, suna kuwa da wata al'ada. In an yi girbi, kowane gida zai zaɓo zangarniyar da ta fi cika ya kawo, a zuba a rumbu guda a tsakiyar gari, shi ne rumbun iri. In lokacin shuka ya yi sai a raba shi biyu, a shuka rabi, a bar rabi ko da shukar fari za ta ƙone. Ba kuma mai sara ramin shuka sai wata tsohuwa mai suna Gwamma ta dubi gabas ta ce a sara.

Gwamma ta san gizagizai kamar yadda mai kiwo ya san awakinsa. In ta ga farare sirara can ƙololuwar sama kamar shiɓar auduga, sai ta ce kowa ya koma inuwa, ba ruwa. In ta ga ƙananan nan masu zanen zabuwa sun jeru, ta ce a gyara sungumi, nan da kwana biyu ko uku za a ji labari. In kuwa farin tuli ya taso da hantsi, ya yi ta tsawo har la'asar, gindinsa ya yi baƙi kansa ya baje kamar faifai, to a kwashe shanya a danne jinka. Shekara talatin da ɗoriya ba ta taɓa kuskure ba, bakinta kuwa bai bar kowa ya manta da haka ba. Masifaffiya ce ta gidan gaba, kare ma in ya hango ta sai ya sake hanya.

To, a wannan shekara ruwa ya yi jinkiri. Kullum mutane na tsugune a ƙofar gidanta, kullum tana cewa su jira. Ran nan da la'asar wani baƙin hadari ya taso daga gabas yana cida, da wata yaga a kafaɗarsa ta hagu. Gwamma ta fito ta dube shi, ta ce a shuka. Gari ya fashe sai gona. Hadarin nan ya yi iska, ya yaye jinkaye, ya ɗan zuba abin da zai jiƙa fatar ƙasa, ya wuce abinsa. Gero ya tsiro, rana ta buɗe kwana goma sha tara, ta ƙone shi ƙurmus. Rabin iri ya tafi a banza.

Korau sarkin noma ya tara jama'a a gindin rumbu, ya sa aka kira ta. Ya ce, "Inna, idonki ya mutu, ki haƙura. Daga yau ba mai tambayarki. Baƙin hadarin da ya fara tasowa, za mu buɗe rumbu mu shuka abin da ya rage. In shi ma ya ƙone, shi ke nan, Tudun Ƙirya ta tashi, kowa ya naɗe tabarmarsa."

Gwamma ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Ta ce, "Kai Korau, ni na yanke maka cibiya da hannun nan, yau ni kake gaya wa haka a bainar jama'a? Idona garau yake! Wancan munafukin hadari ne ya yi mini ƙarya, kuma wallahi sai na bi shi har gidan ubansa."

Aka bushe da dariya. Wannan dariya ta fi mata zagin ciwo.

Washegari da rana tsaka wata guguwa ta taso daga bayan gari tana kwasar karmami. Kowa ya san aljanu ke tafiya a cikin guguwa, saboda haka mutane suka watse suna salati. Gwamma kuwa ta ci ɗamara, ta ɗauki muciyarta, ta taka har tsakiyar guguwar ta shige.

A ciki ta tarar da wani dogon aljani mai ƙafa ɗaya, yana juyi a kanta, gemunsa cike da busasshen ganye. Ya zaro ido ya ce, "Ya ke 'yar Adam, shekara dubu ina ratsa garuruwa, ban taɓa ganin wanda ya faɗo mini ɗaki ba sallama ba."

Ta ce, "Kai sallama kake yi in za ka kwashe mini shanyar kuɓewa? Kai ni inda hadari ke kwana."

Ya ce, "Ki sani, wanda ya je can ba gayyata ba ya dawowa yadda ya tafi."

Ta ɗaga muciya ta ce, "Ban tambaye ka ba."

Aljanin ya yi wata irin dariya, ya sure ta, suka yi sama. Gari ya ƙanƙance, ungulu ma suka koma ƙasa da su, sannan ya wurga ta ya ce, "Iyakata ke nan. Daga nan sai gangara."

Ta faɗi a wata ƙasa fara fat, mai sanyin da ke shiga har ƙashi. Ƙasar ba ta da kauri, in ta taka sai ta ji tana lotsawa. Ga waɗansu tsofaffin aljanu mata zaune a jere, kowace da bakan shiɓa, suna shiɓar farin gajimare suna watsawa. Babbarsu ta ɗago kai ta ce, "Ya ke baƙuwa, ba a ratsa tsakar gidanmu sai an faɗi gaskiyar aikinmu. Wanda ya yi mana ƙari ko ragi, ƙasar nan za ta buɗe da shi." Ta shimfiɗa mata shiɓa uku ta ce, "Me kowace ke kai wa mutane?"

Gwamma ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wannan ta warwatse, ba ta kai komai sai zafin rana. Wannan mai lanƙwasar wutsiya tana cewa iskar sama ta juya. Wannan da ta bazu kamar mayafi har takan yi wa rana zobe, tana cewa ruwa na tafe a baya. Amma ba naku ba ne. Ku 'yan aike ne kawai, tun da aka halicce ku ba ku taɓa jiƙa ko kan kaza ba."

Tsofaffin suka ɓata fuska, suka jira ƙasa ta buɗe. Ba ta buɗe ba. Babbar ta ce, "Bakinki ba daɗi, amma ba ƙarya a cikinsa." Suka kaɗa mata zare mai tsawo, ta kama ta sulala ƙasa.

Ta sauka a wani fili da ba a ganin ƙarshensa, cike da zabi jere-jere, kowace zabuwa ɗan gajimare ce. Tsakanin wannan da waccan ba komai sai rami shuɗi. Gwamma ta gane in ta firgita ɗaya duk za su tashi, ta rasa wurin taka ƙafa. Matar da ba ta taɓa tafiya a hankali ba, yau ga ta tana sanɗa a kan bayan zabi. Wata ta tsattsage ta a diddige har jini ya fito. Ashar ya taso mata har maƙogwaro, ta haɗiye shi, hawayen takaici na zubo mata, ta ci gaba har ta kai gaɓa.

A gaɓar akwai wani kwazazzabo mai faɗi, wani ƙaton maciji ya gitta a kansa daga wannan baki zuwa wancan, jikinsa ja da kore da rawaya. Shi ne bakan gizo, wanda mutane ke cewa yana shanye ruwan hadari. Gwamma ta ce, "Af, ashe nan kake, ɓarawon ruwa! Kai ka shanye mana namu?"

Macijin ya ce, "Ya ke tsohuwa, na gaji da wannan ƙazafi. Ba na fitowa sai ruwa ya gama abin da zai yi rana ta leƙo. Ku kuwa da kun gan ni sai ku ce ni na shanye. Ban je garinku bana ba, ba a zuba abin da zai fito da ni ba. Hau bayana ki wuce, amma kada ki dubi ƙasa."

Ta hau. Da ta kai tsakiya sai ta duba, don ba a taɓa hana ta abu ta hanu ba. Can ƙasa ta hango Tudun Ƙirya, gonaki jajaye jawur ba ɗigon kore, ga rumbun iri shi kaɗai a tsakiya. Jiri ya kwashe ta, muciya ta suɓuce ta tafi. Ta rungume macijin ta ja ciki har ta ƙetare, zuciyarta na tafasa fiye da dā.

Nan ta iske garken hadari. Manya da ƙanana, baƙaƙe da masu ruwan toka, an ɗaure kowane a turkensa da igiyar walƙiya, suna cida kamar shanu da yamma. A tsakiya wata aljana na zaune a kan kujerar ƙanƙara, da sandar kiwo a hannunta. Ita ce Magajiyar Gabas, mai kiwon garken.

Magajiya ta ce, "Ya ke 'yar Adam, mu makiyaya ne. Mai sama ke cewa a kora nan, a kora can, mu kora. Me ya kawo ki?"

Gwamma ta ce, "Ranki ya daɗe, ƙara na kawo. Ɗaya daga cikin dabbobinki ya yi mini ƙarya, ya kashe mana rabin iri, ya zubar mini da mutunci."

"Za ki gane shi?"

"Ko a cikin dubu."

Ta ratsa garken tana dubawa har ta tsaya gaban mai yaga a kafaɗar hagu. Ta nuna shi da yatsa ta ce, "Ga shi nan, tsinanne!"

Hadarin ya yi magana da murya mai kaɗa ciki. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ban gaya mata komai ba sai abin da ke jikina. A dubi ƙafafuna." Aka duba, jajaye ne, jar ƙasar da ya kwaso a hanya. Ya ce, "Ranar ma haka suke. Ruwana ya sauko kamar gemu, ya tsaya a iska, kaɗan ne ya taɓa ƙasa. Iskar da na aika gabana mai zafi ce, ba ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a cikinta. Ta ga ƙafafun, ta ga gemun, ta shaƙi iskar. Ina kallonta ta kau da kai, sannan ta ce a shuka."

Magajiya ta juya ga Gwamma ta ce, "Gaskiya ya faɗa?"

Gwamma ta sake duban jajayen ƙafafun nan. Gaskiya ya faɗa. Kwana goma sha biyu mutane na ƙofarta, ta fara jin ana raɗa cewa ta tsufa, ba ta ƙara sanin komai. Ta ga jan ƙafar nan sarai, amma ta kasa sake cewa a jira, ta yi fatan ko Allah zai sa ya zuba. Girman kanta ne ya ci irin, ba hadari ba. Kunya ta rufe ta, kunyar kuma ta koma fushi, don ita haka take.

Ta daka tsawa ta ce, "To na gani! Na gani na yi shiru! A ƙone ni da aradu in za a ƙone ni. Amma yaran garin me suka yi? Rabin iri ne ya rage, in ya mutu sun mutu."

Magajiya ta ce, "An yarje mini in kora guda ɗaya saboda irin nan. Zaɓi."

Aka jawo wani ƙato, kansa a baje, yana tsawa yana fizgar igiya. Gwamma ta ce, "Wannan zai juye kayansa a sa'a guda, ya kwashe iri ya kai rafi." Aka jawo wani mai duhu da ɗan kore-kore a cikinsa. Ta ce, "Wannan ƙanƙara ce a cikinsa, a kai shi can." Sai ta hango wata a ƙarshen garke, mai ruwan toka, a kwance ta bazu, ba kai ba ƙafa, ba tsawa ba walƙiya, ko kallo ba ta isa ba. Ta ce, "Waccan. Ita ce mai zuba a hankali, ta kwana ta yini, ƙasa ta sha har ciki."

Magajiya ta ce, "Kin zaɓa daidai. Sunanta Toka. Amma ki ji sauran. Toka ba ta sauri, tafiyarta kwana tara ce. Mai jan ƙafa kuwa nan da kwana uku zai fita, hanyarsa ta kan garinku take, ba ni da ikon sake masa ita. Sannan Toka ba ta sauka a garin da aka ɗora wa sama laifin da ba nata ba. Sai kin gaya wa mutanenki abin da kika yi, da bakinki."

Gwamma ta ce, "In na faɗa, wa zai ƙara yarda da ni ya jira kwana tara?"

Magajiya ta ce, "Wannan ba kiwona ba ne." Ta buga sanda, sai ga Gwamma zaune a gindin rumbun iri, diddigenta na jini.

Ba ta ce wa kowa komai ba. Ta jingina tsani ta hau rumbu, ta ture tsanin da ƙafa, ta zauna daram a kan bakin rumbun. Mutane suka ce tsohuwa ta haukace.

Ran kwana na uku da la'asar, sai ga shi daga gabas, baƙi ƙirin, yana cida. Gari ya ruɗe. Maza suka fito da sungumi, mata da ƙore, Korau a gaba. Ya ce, "Inna, sauko. Kada ki sa in yi abin kunya."

Ta miƙe tsaye a kan rumbu ta ce, "Ku saurara, mutanen Tudun Ƙirya! Hadari bai yi mini ƙarya ba. Ni na yi muku. Na ga alamar ba shi da ruwa, na ce ku shuka don kada a ce na tsufa. Ni na kashe muku iri. Wannan da kuke gani shi ne dai na ran nan, kuma in kuka shuka yau kun gama. Mai ruwan na nan tafe, saura kwana shida."

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Wata mata ta kurma ihu ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da ke!" Aka fara jifa da hoge, ɗaya ya fasa mata goshi. Korau ya ɗauki tsani ya jingina, ya hau har suka yi ido da ido.

Ya ce, "Yanzu kika ce ke maƙaryaciya ce, sannan ki ce mu yarda da ke?"

Ta ce, "Wa ya ce ka yarda da ni, sakarai? Ba ka da ido? Juya ka dubi ƙafarsa. Wane launi ne?"

Ya juya. Ya ce, "Ja."

"Ruwan da ke saukowa daga cikinsa, ya taɓa ƙasa?"

Ya ƙura ido. "Ya tsaya a sama."

"Shaƙi iskar. Ka ji ƙanshin ƙasa?"

Korau ya shaƙa, iska mai zafi na kaɗa masa riga, jama'a na ihu a ƙasa ya jefo ta. Can ya sauka, ya cire tsanin ya kwantar, ya zauna a kai. Ya ce, "Ba mai taɓa rumbun nan yau." Ya ɗaga kai ya ce mata, "Ba don ke ba."

Hadarin ya yi haukansa, ya yaye jinka biyu, ya yi ɗan yayyafi ya wuce. Korau ya sa yatsa ya tona, ƙasa a bushe take tun daga gaɓar yatsa ta farko.

Kwana shidan nan rana ta gasa gari. Gwamma ba ta sauko ba, don ba ta yarda wani ba zai buɗe rumbu in ta kau ba. Ba mai gaishe ta. Korau ne kaɗai kan miƙa mata ruwa da ɗan fura a bakin gora, ba ya dubanta.

Ran na tara da safe gari ya yi lumshi. Ba tsawa, ba iska, wata shimfiɗa mai ruwan toka kawai ta rufe sama daga wannan gefe zuwa wancan. Yayyafi ya fara, ya yi ta ƙaruwa a hankali, ya yini yana zuba, washegari ma aka tashi da shi. Mutane suka taru da sungumi, amma ba wanda ya iya cewa a buɗe rumbu. Korau ya hau, ya tarar ƙafafunta sun sandare, ba ta iya miƙewa. Ya goya ta ya sauko da ita, ya nufi gona da ita a baya, tana zaginsa wai yana girgiza ta.

Ya ajiye ta a kan kunyar gona. Ta cusa hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, har rabin dantse, ta zaro shi da laka ta ɗaga kowa ya gani. Aka buɗe rumbu, aka raba iri.

Korau ya tsaya a kanta da sungumi, ruwa na bin fuskarsa. Ya ce, "Inna, ban yafe miki rabin farko ba."

Ta ce, "Ni ma ban yafe wa kaina ba. Sara rami, ruwa ba jiranka zai yi ba."

Ya sara. Ta ja jiki a bayansa da gwiwa, tana jefa iri tana rufewa da tafin hannu.